RA'AYINMU: Wa Ke Naɗa Alƙali, Wa Kuma Ke Tuɓe Shi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ya biyo ta Daura da Ɗan Barto zuwa Matameye, ya san cewa hanya ba ta da tabbas. Yau kaya su iso lafiya, gobe a riƙe su a duwan, jibi abokin ciniki ya karɓi kuɗi ya musanta. Haka shi ma ma'aikacin gwamnati ya san cewa takarda ɗaya daga Yamai tana iya raba shi da iyalinsa ko da albashinsa. Ranar da irin wannan ta faru, in sulhu ya gagara a gaban mai gari ko a fadar sarkin Kance, ba sauran wurin zuwa sai gaban alƙali. In kuwa alƙalin farko ya yi kuskure, ko aka karkatar da shi, to sauran fatan talaka ɗaya ne, wato a ce akwai wani alƙali a bisansa wanda zai sake duba maganar. Wannan shi ne alƙalin ɗaukaka ƙara. Saboda haka muke ganin cewa batun yadda ake renon irin wannan alƙali, da yadda ake naɗa shi, da yadda ake tuɓe shi, ya shafi mai sayar da rake a kasuwa kamar yadda ya shafi minista.

Domin mu fahimci maganar sosai, bari mu leƙa maƙwabta. Ƙasarmu ba tarayya ba ce, amma Najeriya tarayya ce, kuma tana da kotu guda wadda ke karɓar ƙararrakin da aka ɗaukaka daga manyan kotunan jihohi duka. Gwamnatin soja ce ta kafa ta a shekarar 1976 da doka mai lamba 43, da sunan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Kafin nan, a yawancin jihohi, wanda bai gamsu da hukuncin babbar kotu ba sai ya nufi Kotun Ƙoli kai tsaye, har ƙararraki suka yi mata yawa. Shugaban sabuwar kotun na farko shi ne Mai shari'a Dan Ibekwe. Wanda ya gaje shi a 1978, ya kuma riƙe ta shekara 14, Bakatsine ne, wato Mai shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya duniya ta sani da Galadiman Katsina. Tarihin aikinsa ya cancanci mu tsaya a kansa, domin akwai abin koyi a ciki, akwai kuma abin tsoro.

An haifi Mamman Nasir a Katsina a shekarar 1929. Ya yi Kwalejin Kaduna, makarantar da ta fitar da mafi yawan shugabannin Arewa na farko, sa'an nan ya tafi Ingila ya karanta shari'a, ya zama lauya a 1955, lokacin da lauyoyi ƴan Arewa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Da ya dawo gida ya kama aikin lauyan gwamnati a 1956. A 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya ɗauke shi ministan shari'a na Jihar Arewa, ya zauna a kujerar har juyin mulkin Janairun 1966 da ya ci rayuwar Sardauna. Bayan wannan ya koma bakin aikin shari'a na gwamnati a Arewa, yana hawa daga mataki zuwa mataki, har 1975 da aka naɗa shi alƙalin Kotun Ƙoli ta Najeriya. Daga can ne aka ɗauko shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. A 1992 ya ajiye aiki, aka naɗa masa rawanin Galadima, hakimin Malumfashi, kuma yana bisa wannan sarauta har Allah Ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 2019, yana da shekara 89. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Abin koyi na farko a nan shi ne tsawon hanya. Daga ranar da ya zama lauya zuwa ranar da ya hau kujerar Kotun Ƙoli, shekara 20 ce cif. A cikinsu ya gurfanar da masu laifi, ya rubuta wa gwamnati shawara, ya ga yadda ake tsara doka tun daga tushe, ya kuma ga yadda gwamnatin da ya yi wa aiki ta faɗi cikin dare ɗaya. Mutumin da ya ga wannan da idonsa ya san cewa mai mulki baƙo ne a kujerarsa. Alƙalin ɗaukaka ƙara aikinsa gyara kuskuren wani alƙali ne, to ta yaya wanda bai daɗe yana aikin ba zai gane inda ɗan'uwansa ya kauce? Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya mai da wannan ƙa'ida rubutacciya, inda ya ce ba a naɗa mutum alƙalin wannan kotu sai ya shekara aƙalla 12 da zama lauya. Ya kuma shar'anta cewa a cikin alƙalanta dole a samu aƙalla 3 masana shari'ar Musulunci da aƙalla 3 masana dokokin gargajiya, domin maganar gado da aure da gona ta samu masu fahimtarta.

Abin koyi na biyu yana cikin wata shari'a da mutanen bakin iyaka irinmu bai kamata su manta da ita ba. A watan Janairu na 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar adawa ta GNPP, ta kai shi ƙetaren iyakar Cadi ta ajiye, bisa hujjar wai shi ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce korar ta saɓa wa doka. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, amma a 1982 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta tabbatar cewa mutumin ɗan ƙasa ne, kuma ba wanda ke da ikon fitar da shi. A lokacin nan shugaban kotun shi ne Mamman Nasir, tsohon ministan NPC, jam'iyyar da Shagari kansa ya fito daga cikinta. Duk da haka kotun da yake shugabanta ta ba gwamnati rashin gaskiya. Mu da kakanninmu ke Daura, ƴan'uwanmu ke Zango da Kazaure, mun san darajar irin wannan hukunci, domin ranar da aka fara auna ɗan ƙasa da garin da aka haifi ubansa, ba mu san a wane gefen iyaka za a jefa yawancinmu ba.

Amma wannan jarida ba ta saba yabon da ba gyara ba. Abin tsoron da ke cikin tarihin shi ne, dukkan manyan naɗe-naɗen nan biyu, na 1975 da na 1978, sojoji ne suka yi su, ba tare da wata zaɓaɓɓiyar majalisa da ta tantance ba. A shekarar da Mamman Nasir ya shiga Kotun Ƙoli, a shekarar ce gwamnatin Janar Murtala ta sauke babban alƙalin ƙasar, Taslim Elias, mutumin da daga baya ya shugabanci Kotun Duniya. Hannun da ya naɗa wani shi ne ya tuɓe wani, kuma ba wanda ya isa ya tambaya. A 1984, Mamman Nasir yana bisa kujerarsa, gwamnatin Janar Buhari ta kafa kotunan soja na musamman, ta kuma rubuta a cikin dokokinta cewa ba wata kotu da za ta duba abin da aka yi a ƙarƙashinsu. Da irin waɗannan dokoki aka ɗaure ƴan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Kotun ɗaukaka ƙara tana nan da alƙalanta da rigunansu, amma an toshe ƙofar da mai kuka zai bi ya iso gare ta. Bayan ya yi ritaya kuma, shi kansa Galadima ya karɓi shugabancin kwamitin aiwatar da shirin miƙa mulki na Janar Abacha, shirin da ya ƙare da jam'iyyu biyar duk sun tsayar da Abacha ɗan takara a 1998. Mun faɗi wannan ne domin a gane cewa nagartar mutum ɗaya, komai yawanta, ba ta isa ta tsare wa ƙasa adalci ba in tsarin da ke kewaye da shi na mutum ɗaya ne.

Da Najeriya ta koma mulkin farar hula a 1999, sai aka rarraba ikon naɗin. Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda babban alƙali ke shugabanta, ita ke ba da suna, shugaban ƙasa ya naɗa, in kuma shugaban kotun ne sai majalisar dattawa ta amince. Tuɓe shugaban kotun ma, bisa kundi, sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na ƴan majalisar dattawa. A takarda tsari ne mai kyau, kuma a ƙarƙashinsa wani Bakatsinen, Mai shari'a Umaru Abdullahi, ya riƙe kotun daga 1999 zuwa 2009. Sai dai a 2011 aka ga inda ya yi rauni. Shugaban kotun na lokacin, Mai shari'a Ayo Salami, ya zargi babban alƙalin ƙasa da neman tsoma baki a shari'ar zaɓen gwamnan Sakkwato. An nemi a yi masa ƙarin girma zuwa Kotun Ƙoli, ya ƙi, domin ya fahimci cewa hanyar raba shi da kujerarsa ce. A watan Agusta na wannan shekara aka dakatar da shi. A 2012 majalisar shari'ar da ta dakatar da shi ta dawo ta ce a mai da shi, Shugaba Jonathan bai mai da shi ba, har ya cika shekara 70 ya yi ritaya a 2013. Ba a tuɓe shi ba, saboda haka ba a bukaci majalisar dattawa ba. An ajiye shi ne gefe har lokaci ya cinye shi. Mai son kauce wa doka ba ya rasa ƙofar baya.

To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu komo gida. A Nijar hanyar zama alƙali dabam ce, irin ta Faransa ce. Yaro ya gama karatun shari'a a jami'a, ya ci jarrabawar shiga, a horar da shi, sa'an nan a tura shi ƙaramar kotu irin ta Matameye ko Magarya, daga nan ya riƙa hawa har ya kai kotun ɗaukaka ƙara ta Damagaram ko ta Yamai. Wannan hanya tana da alherinta, domin ɗan talaka mai ƙoƙari yana iya shiga ba sai da uban gida ba. Amma tana da haɗarinta, domin alƙalin ma'aikacin gwamnati ne tun daga ranar farko har ranar ritaya, kuma ƙarin girmansa da wurin aikinsa suna bi ta teburin ministan shari'a. Kundin tsarin mulkin 2010 ya ce shugaban ƙasa ke naɗa alƙalan zama bisa shawarar minista, bayan an ji ra'ayin Majalisar Ƙoli ta Alƙalai, ya kuma ce ba a gusar da su daga kujerunsu. Sai dai shugaban wannan majalisa shi ne shugaban ƙasar kansa. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta mu sun fi kowa sanin abin da ake nufi in an ce an canza wa mutum wurin aiki saboda bukatar aiki. Alƙalin da ya san cewa hukunci ɗaya yana iya kai shi Bilma, ƴaƴansa suna tsakiyar shekarar karatu, zai daɗe yana tunani kafin ya sa hannu.

Tarihinmu na zamanin jam'iyyu da yawa ya nuna mana fuskokin nan biyu. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 mun ɗauka cewa an rabu da alƙalin da ke jiran umurni. Amma a watan Yuli na 1996, ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u, Janar Ba'are ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta ya kafa tasa, aka ba shi kashi 52 cikin ɗari tun a zagayen farko, Kotun Ƙoli kuwa ta sa hannu. Mutanen Damagaram ba su manta da wannan ba. Ƙasa ba ta samu natsuwa ba daga nan har abin da ya faru a filin jirgin saman Yamai ranar 9 ga Afrilu 1999.

Fuska ta biyu ita ce ta 2009. Hajiya Fatimata Bazeye Salifu alƙaliya ce da ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, tun daga ƙananan kotuna, ta bi ta kotun ɗaukaka ƙara, ta kai Kotun Ƙoli, sa'an nan ta shugabanci Kotun Tsarin Mulki daga 2007. Da Shugaba Tanja ya nemi tazarce, kotun ta ba da ra'ayinta ranar 25 ga Mayu cewa zaɓen raba gardamar ya saɓa wa kundi. Washegari ya rusa majalisar dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke dokar da ta kira zaɓen. Ranar 29 ga Yuni ya rusa kotun kanta, ya yi zaɓensa ranar 4 ga Agusta, ranar 18 ga Fabrairu 2010 kuma sojoji suka fitar da shi daga fada. Abin tambaya a nan shi ne, me ya ba wannan kotu ƙarfin tsayawa? Jaruntakar shugabarta gaskiya ce, ba mai musu. Amma a duba yadda kundin 1999 ya haɗa kotun. Mutum 7 ne, shugaban ƙasa ya ba da ɗaya, ofishin majalisar dokoki ɗaya, alƙalai su zaɓi biyu a tsakaninsu, lauyoyi ɗaya, malaman shari'a na jami'a ɗaya, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ɗaya, sa'an nan su bakwai ɗin su zaɓi shugabansu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yawancin waɗannan alƙalai ba su ci ladan fadar shugaban ƙasa ba, shi ya sa ba su yi mata askin ba.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka jingine kundin 2010. A watan Agusta na 2025 ministan cikin gida ya rusa ƙungiyar alƙalai ta SAMAN tare da wasu ƙungiyoyin ma'aikatan shari'a, bayan ƴan kwanaki aka kori babban sakatarenta daga aikin alƙalanci da sa hannun shugaban ƙasa, aka bi da mataimakinsa. Mun san abin da wasu masu karatu za su ce, domin muna jinsa a majalisu da tashoshin mota. Za su ce ai alƙalan ma ba tsarkaka ba ne, akwai masu karɓar cin hanci, akwai masu ajiye mutum a kaso shekara da shekaru ba a yi masa shari'a ba, akwai maganar gona da ake gada daga uba zuwa ɗa ba a yanke ba. Wannan kuka gaskiya ne, kuma an yi shi a fili tun a babban taron gyaran shari'a na Yamai a 2012. Ba mu ce a bar alƙali ya yi abin da ya ga dama ba. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano, malamanmu suke cewa wajibi ne a binciki alƙali, a kuma sauke azzalumi. Abin da muke cewa shi ne, wanda zai hukunta alƙali kada ya zama shi ne wanda gobe za a kai ƙara gaban alƙalin. In an kori alƙali mai cin hanci ba tare da bincike a fili ba, sauran ba za su koyi barin cin hanci ba, abin da za su koya shi ne kada su ɓata wa na sama rai. Mai biyan kuɗin wannan darasi kuwa shi ne ɗan kasuwar da jami'in gwamnati ya riƙe wa kaya, da malamin makarantar da aka tsai da albashinsa.

Ƴan kasuwa su dubi maganar ta fuskar aljihunsu. Ciniki tsakanin Matameye da Kano amana ce ke tafiyar da shi, amma amana tana da iyaka. Mutum yana ba da bashin kaya ga wanda ya sani, ko ga wanda ya san akwai hukumar da za ta karɓo masa haƙƙinsa daga gare shi. Inda ba a yarda da kotu ba, ciniki yana tsayawa tsakanin dangi da surukai, jari ba ya girma, banki ba ya ba da rance sai da jingina mai nauyi da ruwa mai yawa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA ta 1993, har muna da kotun ƙarshe ta harkokin ciniki a Abijan. Amma ɗan kasuwa nawa ne a wannan yanki zai iya bin shari'a har Abijan? Ga mafi yawanmu, abin da aka yanke a Damagaram shi ne ƙarshen magana. Saboda haka mutanen da ke zaune a kujerun can sun fi mana kowane babban suna na nesa muhimmanci.

Don haka muna kira ga hukumomin ƙasa, da duk waɗanda za a ɗora wa alhakin rubuta dokokin gobe, da su kula da abubuwa huɗu. Na farko, a rubuta a doka adadin shekarun da alƙali zai yi a ƙananan kotuna kafin ya hau kotun ɗaukaka ƙara, kuma a riƙa auna shi da hukunce-hukuncen da ya rubuta da hannunsa. Na biyu, a fitar da shugaban ƙasa da ministan shari'a daga shugabancin majalisar da ke naɗa alƙalai da hukunta su, a rarraba kujerunta kamar yadda aka yi wa Kotun Tsarin Mulki a 1999, a kuma sa wasu ƴan ƙasa da ba alƙalai ba, domin kada ta zama ƙungiyar rufa wa juna asiri kamar yadda aka zargi ta Najeriya. Na uku, kada a canza wa alƙalin zama wurin aiki sai da yardarsa ko da dalili rubutacce, kuma dakatarwa ta kasance da wa'adi, domin kada a maimaita abin da aka yi wa Salami. Na huɗu, a buga sunayen waɗanda ake shirin naɗawa kafin naɗin, a ba jama'a lokaci su kawo abin da suka sani, a kuma ƙarfafa matsayin masana al'ada da shari'ar Musulunci da ke zama tare da alƙalai a maganar gona da gado, domin a yanki mai cunkoson jama'a irin namu yawancin rigingimu daga nan suke tasowa.

Su ma alƙalai muna tuna musu cewa ƴancin da ake nema musu amana ce ta talakawa. Duk ambulan da ɗayansu ya karɓa, hujja ce ya miƙa wa mai neman karya su duka. Mu kuma jama'a mu daina kai gaisuwa gidan alƙali da dare muna kukan rashin adalci da rana. Masu mulki kuma su tuna cewa Shagari ya shiga tsare, Tanja ya shiga tsare, kuma duk wanda ya sauka daga kujera, kotun da ya bari ita zai tarar. Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, da alƙalan da ba sa tsoron kowa sai Shi. Amin.